Yatsu Uku Tsakanin Hannun Inna da Bakinta

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Wata tara ke nan da faɗuwar mahaifiyata, kuma har yau duk wanda ya shigo gidanmu a Tudun Wada sai ya sa mini albarka saboda jinyar da na yi mata. Bakina yana amsawa da amin, alhali na san ban cancanta ba. Na rubuta wannan ne don in sauke yabon da ba nawa ba, kuma don wanda za a sa wa majinyacinsa irin ƙarfen da aka sa wa Inna ya ga inda na zame, kada ya taka wurin.

Ni ce auta, kuma da Auta Inna ke kirana. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Yayana Sani yana da shagon kayan lantarki a Kwangila, can yake zaune da iyalinsa, saboda haka gida daga ni sai Inna. A lokacin na gama jami'a ina jiran a tura mu hidimar ƙasa. Ba ni da aikin da ya wuce karatu da rubuta 'yan waƙoƙi a wani littafi mai baƙin bango.

Ranar wata Talata ce cikin damina, bayan la'asar. Hadari ya taso daga gabas, ga wanki a igiya.

"Auta, ga hadari. Kwashe shanyar nan."

"Ina zuwa, Inna."

Ina neman kalmar da za ta rufe mini baiti ne, kuma tana dab da zuwa. Ban tashi ba. Inna ta fita da kanta, ta taka gansakukar da ke bakin rariya, santsi ya kwashe ta, ta tare ƙasa da tafin hannun dama. Ba ta yi ihu ba. Salati na ji, a hankali, kamar mai tsoron ta da maƙwabta. Na iske ta zaune cikin yayyafi tana tallafe da hannun. Gwiwar hannun ta turo baya, hannun kansa ya gajarta, kamar ba nata ba.

Yaya Sani ya zo da keke napep muka tafi babban asibiti. Ba zan ɓoye ba, mun sha layi: layin kati, layin biya, layin hoto, kowane layi da ɗan'uwansa a gaba. Inna tana kan benci, leɓenta ya bushe, amma duk wanda ya ce mata sannu sai ta tambaye shi nasa mai jikin. Daga ƙarshe aka yi mata allura, aka ja hannun ya koma gurbinsa, aka naɗe shi da filasta. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ga haske ya nuna mana. Ya ce ba gocewa kaɗai ba ce, akwai karaya a ciki: wasu ƙananan ƙasusuwa biyu da ke tokare gwiwar sun fashe.

"Kamar murhu ne," in ji shi. "In duwatsu biyu suka fashe, ko kin mayar da tukunya, za ta sake tuntsurewa."

Haka kuwa aka yi. Bayan kwana biyar aka sake hoto, gwiwar ta sake gocewa a cikin filastar. Likita ya ce sai tiyata.

A ranar dangi suka cika gida. Gwaggo Asabe, ƙanwar Babanmu, ita ta fi kowa magana. Mace ce mai son Inna, tun suna amare suke tsokanar juna, kuma har yau matarmu take ce mata.

"Wace irin tiyata a kan karaya? Ga mai ɗori nan cikin birni, gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Ya tofa, ya ɗaure da kara, sati uku matarmu na tuƙa tuwo."

Ni ce na miƙe a kan maganar. Na karanta abin a waya, na kwaso bayani, har da Turancin da ba wanda ya tambaye ni. Na ce in aka ɗaure gwiwar da ta goce, hannun zai sandare har abada. Ku riƙe wannan maganar tawa, don za ta dawo ta same ni. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "To, 'yan boko sun yi magana." Yaya Sani ya dube ni ya ce, "Kin tabbata, Auta?" Na ce na tabbata. Washegari ya sayar da babur ɗinsa, domin ƙarfen da likita ya rubuta sai an yi odarsa daga nesa, kuma ba araha gare shi ba. Bai taɓa ambata mini wannan ba. Na dai lura ya koma zuwa gida a acaɓa.

Sau biyu ana ɗaga aikin. Na farko jininta ya hau, na biyu masu haɗarin mota suka cika ɗakin tiyata. Sai a mako na biyu aka shiga da ita. Da aka fito, na ga abin da aka saya da babur ɗin Yaya. Ƙusoshi huɗu ne dogaye, biyu sun shiga ƙashin damtse, biyu sun shiga ƙashin da ke ƙasan gwiwa, duk sun huda fata sun fito waje. An haɗa su da wasu baƙaƙen sanduna, kuma daidai gefen gwiwar akwai mahaɗi mai juyawa, irin wanda ƙyauren ƙofa ke lilo a kansa. Na juya baya don kada ta ga fuskata. Ita kuwa da maganin barci ya sake ta, ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ce:

"Ki gaya wa yayanki ya jona ni da talabijin, ko ma kama tashoshin waje."

Har nas sai da ta yi dariya.

Kwana uku bayan aikin, likita ya zo zagaye tare da wata mata daga sashen gashin ƙashi, Malama Hadiza, gajeriya mai kaifin ido. Likita ya kama ƙarfen ya lanƙwasa hannun kaɗan, Inna ta cije leɓe.

"Wa zai yi jinya a gida?" in ji likita.

"Ni ce," na ce.

"Kin yi makaranta?"

"Ta gama jami'a," in ji Inna, duk da zafin da take ji.

"Madalla, an huta da dogon bayani. Ki saurara. Wannan ƙarfen ba don ya hana hannu motsi aka sa shi ba. Da haka ake so, da filasta ta isa. Aikinsa ya riƙe gwiwar kada ta goce, alhali ana motsa ta. Gwiwar hannu ba ta da haƙuri, in aka bar ta zaune 'yan makonni, ta ƙage ke nan. Ƙofar da ba a buɗewa, tsatsa ke cinye ta."

Malama Hadiza ta koya mini yadda ake yi. A ba ta maganin zafi tukuna, a jira ya kama jiki. In tallafi damtsen da hannu ɗaya, in riƙe tsintsiyar hannun da ɗayan, in taimaka mata ta lanƙwasa a hankali zuwa baki, in tsaya inda ya tsaya, in ƙara kaɗan, in ƙirga goma, sannan mu miƙar. Sau goma a kowane zama. Don kada mu manta, ta ce mu ɗaura abin a kan salla: bayan kowace salla zama ɗaya. Ta ba ni takarda mai gidaje biyar a kowace rana, in riƙa sa alama in mun yi.

"Za ta yi kuka," ta ce mini a bakin ƙofa, inda Inna ba ta ji. "Wataƙila ta zage ki. Ki bar ta ta zaga. Hannun da za ta ci abinci da shi nan gaba, a hannunki yake."

Na ce na gane. Na ɗauka na gane.

Mako na uku muka koma gida. Aiki biyu aka ba ni, kuma na farko na yi shi yadda ko asibiti ba za su fi ni ba. Kullum safe in wanke hannu, in tsoma auduga a ruwan da suka ba mu, in goge gindin kowace ƙusa, kowace da audugarta, in duba ko akwai ja ko ruwa ko wari. Na farke hannun rigunanta uku na sa musu maɓalli. Na ɗinka wa ƙarfen riga da farin yadi saboda ƙuda. Har aka cire ƙusoshin nan ba wadda ta yi ruwa. Aiki ne mai taushi, irin wanda ya dace da halina.

Na biyun shi ne lanƙwasawa. Kwana shida na yi shi cikakke. Inna mace ce da ta haifi shida ta binne huɗu, kuma ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar da aka fita da gawar Baba. Amma in na kai hannun inda yake tsayawa na ƙara ɗan kaɗan ɗin nan, sai jikinta duka ya ɗauki rawa, zufa ta keto mata, hawaye su zubo ba tare da sauti ba. Ina ƙirga goma, muryata na karyewa tun a huɗu. Kowace ƙirga kuma ina jin wata murya a cikina tana cewa: da kin tashi kin kwashe shanya.

A rana ta bakwai, bayan azahar, muna cikin yi Gwaggo Asabe ta yi sallama da kwanon farfesu. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me nake gani haka? Ke Auta, murɗe mata hannu kike yi?"

"Likita ne ya ce, Gwaggo."

"Likita ya ce ki sa uwarki kuka? Tun da nake ban taɓa jin inda ake motsa karaya ba. Ko kaza ce ta karye, ɗaure ƙafar ake yi a bar ta ta huta. Sun huda ta kamar tsire, bai isa ba, sai kin bi ta da murɗa? Ki ji tsoron hawayen uwa, yarinya. Ba ya zuba a banza."

Ba zan ɗora wa Gwaggo laifina ba. Abin da ta gada ta faɗa, kuma da ita kaɗai ce da na jure, don na riga na saba musu da ita. Na ci gaba. Na ɗaga hannun, na kai shi wurin, na ƙara kaɗan. A nan ne Inna ta buɗe ido ta dube ni, ta ce da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba:

"Auta, me na yi miki?"

Na saki hannun.

Na san zafi ne ya yi maganar, ba ita ba. Bayan sallar la'asar ma da kanta ta ce, "Zo mu yi abin nan naki." Na ce ta bari sai magariba. Da magariba na ce ta gaji, sai da safe. Da safe na ɗaga hannun, ina ganin ta fara yamutsa fuska na tsaya, na mayar, na ce ya isa. Daga ranar abin da muke yi ke nan: in ɗan jijjiga hannun iya inda ba ya zafi, sau uku ko huɗu, kamar mai rarrashin jariri. Bayan mako guda ko wannan ma na bari. Na samo matashi mai laushi na ɗora hannun a kai, na naɗe shi da mayafi, ya kwanta abinsa.

Ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Makonnin nan da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin zama da Inna kamar su ba. A wurinmu jinya ita ce kada ka bar majinyaci ya ɗaga ko tsinke, kuma na yi ta har da ƙari. Inna ba ta yarda ta ci da hagu ba, ta ce shekara sittin ba ta kai hagu baki ba, ba za ta fara da tsufa ba. Sai na riƙa ba ta a baki. In dama kunun gyaɗa in hura, in ba ta cokali cokali. In yanko lomar tuwo daidai bakinta. In wanke mata fuska, in taje mata kai, in shafa mata mai. Tana ba ni labarin ƙuruciyarta a cikin birni, da yadda Baba ya fara ganinta ta leƙo zaure. Da yamma in karanta mata waƙoƙina, tana gyara mini Hausa. Ruwa na sauka a kan kwano, ɗakin na ƙamshin turaren wuta, ba mai kuka.

'Yan dubiya kuma suna ta zuwa. Su iske ni durƙushe da cokali, su ce, "Kai, Hajiya, kin haifu. Allah ya ba mu irin Auta." Gwaggo ta ce ai ta san yarinyar tana da hankali, boko ne ya so ya ɓata ta. Ina sunkuyar da kai, ina shan yabon kamar ruwan sanyi.

Takardar Malama Hadiza tana cikin littafina mai baƙin bango. Kowace safiya in ciro ta in cika gidaje biyar na jiya, da alƙalamin da nake rubuta waƙa. Har canza alƙalami nake yi wani lokaci, don kada a ga kamar zama ɗaya aka yi. Wanda ya yi wannan ba zai ce bai san abin da yake yi ba. In Yaya Sani ya kira ya ce, "Kuna motsa hannun dai ko?" sai in ce, "Muna yi, Yaya." Ina gaya wa kaina cewa gobe za mu koma, bari kumburi ya sauka, bari ta ƙara ƙarfi. Goben ta yi ta gaba kamar inuwa.

Allah ya ba ni ƙofar fita sau ɗaya, na ƙi bi. A mako na shida muka koma asibiti. Ya kamata mu je tun kafin nan, amma ranar da aka ba mu aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ji daɗin samun dalili. Malama Hadiza ta ɗora wani ma'aunin roba mai ƙafa biyu a gefen gwiwar, ta lanƙwasa, ta duba, ta sake dubawa.

"Ya ragu a kan yadda na sallame ku. Kuna yi kuwa?"

Na miƙa mata takardar. Ta dubi gidajen nan cike, ta dubi Inna.

"Hajiya, tana yi miki?"

Inna ta dubi ƙasa. "Yarinyar nan ba ta hutawa a kaina," ta ce. Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta tona ni ba.

Malama Hadiza ta ce mu ƙara ƙoƙari, mu riƙa zuwa wurinta sau biyu a mako. Mun je sau biyu. Duk zuwa Inna ta dawo a galabaice, ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai, ni kuma in ce wa Yaya layin ya yi yawa, gara mu ci gaba a gida tunda na iya.

A ƙarshen mako na takwas aka cire ƙarfen. Abin bai ɗauki lokaci ba. Likita ya duba sabon hoto ya ce ƙashi ya haɗe, gwiwa tana gurbinta, ramukan ƙusa tsaf kamar ba a taɓa huda wurin ba. Ya yaba mini. Yaya Sani yana tsaye yana murmushi. Sai likita ya ce:

"To, Hajiya, kai hannu baki mu gani."

Inna ta ɗaga hannun. Ya taso, ya taso, ya tsaya a iska, kamar mai tsayar da keke a bakin titi. Tsakaninsa da bakinta ya fi taƙi guda. Ta yunƙura, kafaɗarta ta ɗaga, wuyanta ya miƙe, hannun bai ƙara ko kaɗan ba. Likita ya kama ya gwada da kansa. Ya ce ta miƙar, nan ma ya tsaya a hanya. Ya karɓi takardar daga hannuna ya daɗe yana kallonta.

"Takardar nan ta fi hannun nan lafiya," ya ce. Bai ɗaga murya ba.

Bakina ya buɗe, amma Inna ta riga ni.

"Likita, ni ce na ƙi. Tsufa ne da raki. Ta yi ta fama da ni, na ce ta ƙyale ni."

Na tsaya a wurin, da digirina, na bar tsohuwar da na ƙage wa hannu ta ɗauki laifina ta aza a kanta.

Sai da muka dawo gida, Inna ta shiga ɗaki, na tare Yaya Sani a zaure na gaya masa komai, har da canza alƙalami. Na so ya yi faɗa. Ya jingina da bango.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kunya, Yaya."

"Kunya." Ya girgiza kai. "Da kin faɗa, da ni na riƙa zuwa ina yi. Ni ba ta ko kama sunana, balle ta karya mini zuciya da shi. Ke ba ki iya ba, ba laifi ba ne. Laifin shi ne da kika ce kin iya."

Ya fita ya tari acaɓa. Har yau bai sake ta da maganar ba, kuma shirun nasa ya fi mini duka ciwo.

Na shiga wurin Inna na durƙusa, na ce ta yafe mini, na shanya da na hannu duka. Ta ce, "Wace shanya?" Ta manta ma ta kira ni ranar. Game da hannun kuwa ta ce, "Ai tare muka yi. Kina tsammani ban san gidajen da kike cikawa ba? Na ji daɗin hutun, na yi shiru." Ta yafe tun kafin in rufe baki. Na gane ranar cewa yafiya ba ta lanƙwasa gwiwa.

Washegari na koma wurin Malama Hadiza ni kaɗai na faɗa mata gaskiya. Ta ce ta sani tun ranar ma'auni, kuma ta yi nadamar da ba ta tsare ni ba. Ba ta ɓata lokaci a kan faɗa ba. Ta ce abin da za a samu da sauƙi a makonnin farko, yanzu sai an haƙo shi kamar rijiya a kan dutse, kuma ba lalle a kai ga ruwa ba. Muka fara: sau uku a mako a asibiti, gashi da ruwan ɗumi, lanƙwasawa, da wani abin ɗauri da ake ƙara matsewa kaɗan kaɗan. A gida kuma bayan kowace salla. Yaya yana zuwa ya yi na asuba kafin ya buɗe shago, sauran huɗun nawa ne. Zafin ya ninka na da. Inna ta yi kuka, ta kira sunan uwarta, rannan har ta ce in fita mata daga ɗaki. Na ƙirga goma da ƙarfi, hawayena na ɗiga a kan hannunta, ban saki ba. Gwaggo ta sake iske mu, ta buɗe baki, Inna da kanta ta ce, "Asabe, zauna ki taya mu ƙirga, ko ki koma inda kika fito."

Ba na amfani da takarda yanzu. Da yatsuna nake aunawa, daga yatsanta zuwa leɓenta. Taƙi guda ya koma yatsu shida a wata na biyu, ya koma huɗu a wata na huɗu. Daga nan ya tsaya a uku. Wata uku ke nan bai motsa ba. Likita ya ce akwai wata tiyatar da ake yi a saki abin da ya ƙage, amma ba ya alkawari. Inna ta ce an huda ta sau ɗaya, ya isa, sauran hujin sai na kabari. Ba mu matsa mata ba.

Ina godiya ga likitan da ya mayar da gwiwar gurbinta, da Malama Hadiza, da nas ɗin da ta riƙa kiran Inna eriya har aka sallame mu. Ƙarfen ya yi aikinsa. Ina da ƙorafi ɗaya: da ma a asibiti, in za a ba mutum wannan aikin, a dubi zuciyarsa, ba takardar makarantarsa ba. Ku kuma da za a sa wa naku irin ƙarfen nan, ku zaɓi wanda zai iya ganin hawaye bai saki ba. In ba ku iya ba, ku faɗa a ranar farko, a nemo wani. Kada ku bar 'yan dubiya su auna muku jinya, domin su cokali suke gani, ba sa ganin gwiwa.

Ran Juma'ar da ta wuce na yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Na zauna gabanta na ɗauki cokali kamar kullum.

"Ajiye," ta ce.

Ta wanke hannun dama. Ta gutsuri loma, ta dangwali miya, ta ɗaga. Hannun ya zo inda yake tsayawa ya tsaya. Sai ta sunkuyo da kanta a hankali, ta miƙo wuya, har bakinta ya iske lomar. Miya ta ɗiga a zaninta. Na kai hannu zan goge, ta buge mini shi da hagu.

"Bari. In hannu ya ƙi zuwa, ai kai ba ya ƙin tafiya."

Ta cinye malmalar nan tas, loma bayan loma, kowace da sunkuyonta. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo ana cikin haka ta ce, "Hajiya akwai ladabi, ko abinci sai ta rusuna masa." Inna ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, don kada a tambaye ni.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya zuciyar da ta fi tawa ƙarfi. Sau uku a rana uwata tana sunkuyar da kai a gaban kwano, tsawon yatsu uku. Na auna su sau da yawa, kuma kullum daidai suke da nawa yatsun.